Lauya Mai Sasanta Rikicin Diyyar Ma'aikata

Idan aka ambaci lauya, yawancinmu mukan tuna mutum mai baƙar riga da farar hula yana tsaye gaban alƙali. Amma akwai lauyoyin da yawancin aikinsu a wajen kotu suke yin sa. Daga cikinsu akwai mai sasanta rikicin diyya. Diyya ita ce kuɗin da ake biyan mutum saboda rauni ko asarar da ta same shi. Sasantawa kuwa ita ce shiga tsakanin masu jayayya har su daidaita.

Mu ɗauki misali daga Keffi, inda sababbin gine-gine suke ta tashi saboda kusancin garin da Abuja. A ce wani magini ya faɗo daga bene ya karye a ƙafa. An kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin, likita ya ce sai ya yi watanni bai hau gini ba. Magini ya nemi diyya. Ɗan kwangila ya ce, ai wannan ɗan aikin yini ne, ba ma'aikacinsa ba ne. Ga kuɗin asibiti, ga iyali suna jiran cefane.

Abu na farko da lauya zai duba shi ne Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Wannan doka ta ɗauki ɗan aikin yini da mai koyon sana'a a matsayin ma'aikata, ko da yarjejeniyar baka aka yi da su. Ta kuma wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF take kula da shi. Daga nan ake biyan diyya, kuma ba sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin ubangidansa ba. Sai dai akwai wa'adi. Ma'aikaci zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, sannan a nemi diyyar cikin shekara ɗaya. Ƙananan 'yan kwangila da yawa ba su yi rajista ba, kuma a nan rikici yakan yi tsanani.

Mai sasantawa ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci. Ba kuma lauyan ɗayansu ba ne. Yakan zaunar da su tare, daga baya ya gana da kowanne shi kaɗai. Zai nuna wa ɗan kwangila abin da doka ta ce da irin kuɗin da shari'a za ta ci masa. Zai kuma faɗa wa magini gaskiya idan abin da yake nema ya wuce kima. In sun daidaita, sai a rubuta yarjejeniya su sa hannu. In abin ya gagara, hanyar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a buɗe take. Ita ma kotun ta kafa cibiyar sulhu tata a 2015. A ganina, babban amfanin sulhu shi ne sauri, domin mai karaya ba zai iya jiran shari'ar shekaru ba.

Ɗalibin da yake sha'awar wannan aiki zai karanta shari'a shekara biyar a jami'a, kuma Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi tana da tsangayar shari'a. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda hedikwatarta take Bwari, sannan ya ƙara da horon sasantawa. Akwai kuma batun harshe. Da Turanci aka rubuta dokar, amma a wurin gini a Keffi za ka tarar da Eggon da Mada da Gwandara da Bafulatani suna aiki tare, da Hausa suke magana. Da ita lauya zai bayyana wa magini abin da yake shirin sa wa hannu.