Me ya sa wuni yake tsawo da damina, yake gajarta da hunturu?

Kowa ya san da hunturu magariba tana saurin yi, da damina kuwa rana takan daɗe ba ta faɗi ba. Wannan sauyi yana da lissafinsa, kuma mai salula a hannu zai iya yin shi.

Duniya a karkace take, wajen digiri 23 da rabi, yayin da take kewaya rana. A watan Yuni arewacin duniya, inda muke, shi ke fuskantar rana sosai. A Disamba kuma sai ya kauce. A Maraɗi, Damagaram da Yamai, wuni mafi tsawo yana zuwa wajen 21 ga Yuni, kimanin awa 12 da minti 55. Mafi gajarta yana zuwa wajen 21 ga Disamba, kimanin awa 11 da minti 20. Tawa ta fi mu arewa, don haka nata bambancin ya ɗan ɗara.

Mu ɗauki misalin ƙafar amalanke. Ku shafa alli a gefenta, ku tura amalanken a hankali. Idan alamar tana daidai da tsakiyar ƙafar, da sauri take hawa. In ta kusa kai ƙololuwa sai hawan ya ragu kamar ta tsaya, daga nan ta gangaro. Malaman lissafi a lekol suna kiran wannan hawa da sauka "sinus". Haka wuni yake: a Maris da Satumba yana saurin sauyawa, a Yuni da Disamba kamar ba ya motsi.

Ga yadda ake yi. Ku ƙirga kwanaki tun daga 21 ga Maris, kowace kwana ta zama kamar digiri ɗaya. Ku nemi sinus ɗin adadin a na'urar lissafi ta salula, amma ku tabbata tana kan digiri. Ku ninka da minti 48, ku ƙara a kan awa 12 da minti 7. Ranar 20 ga Afrilu kwana 30 ke nan. Sinus ɗin 30 rabi ne, rabin 48 kuwa 24, wuni ya kama awa 12 da rabi. Bayan ƙarshen Satumba sinus yakan koma ƙasa da sifili, sai a rage maimakon a ƙara.

Ƴan uwa mazauna ƙetare, minti 48 ɗin nan namu ne na kudancin Nijar. A Abijan bai kai minti 20 ba. A Tirabulus ya haura awa 2, a Paris kuwa kusan awa 4. Shi ya sa idan azumi ya faɗo a watan Yuni, kamar a 2015, mutanen Paris suna shan ruwa mu nan mun riga mun yi sallar isha'i. In ya faɗo cikin hunturu, su ke riga mu.

Manoma ma abin ya shafe su. Maiwa da dawar gida da yawa ba kwanakin shuka suke bi ba, jira suke wuni ya gajarta kafin su fid da kai. Wanda ya makara da shuka zai ga dawarsa ta yi kai tana ƙarama, amfanin ya ragu. Haka kuma irin da aka ɗauko daga kudu mai nisa yana iya jinkirta fid da kai har ruwa ya ɗauke. Kafin ku sayi baƙon iri, ku tambayi malamin gona ko ya dace da yankinku.