Ko Mai Gurmin Haɗeja Zai Iya Shiga Gasar Makaɗan Duniya?

Kwanan baya ina rangadin makarantu a ƙasar Haɗeja, dare ya yi mini a wani ƙauye na bakin fadama, wajen Kirikasamma. Bayan sallar lisha sai na ji amon gurmi daga wani zaure kusa da masaukina. Mutum uku ne kurum, da mai gurmi, da mai ƙwarya, da wani yaro ɗan amshi, masu saurare kuwa ba su fi goma ba. Malamin makarantar garin, wanda muke zaune tare, ya ce mini, "Ranka ya daɗe, da a ƙasashen waje waɗannan suke, da tuni sun ci kyauta." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, gama akwai gaskiya cikinta, akwai kuma abin da malamin bai duba ba.

Turawa suna da wani irin kiɗa da suke ce wa kiɗan ɗaki, mu kuwa sai mu ce kiɗan zaure. Makaɗa kaɗan ke yinsa, kowa da nasa ɓangaren, ba mai tsayawa gabansu da sanda yana ba da umarni, sai dai kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa. Mafi daraja a gare su shi ne na mutum huɗu masu kayan tsirkiya dangin goge: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, da wani babba da akan kafa shi ƙasa tsakanin gwiwoyi. Haydn, mutumin Ostiriya da ya rasu a 1809, shi ake ba girman daidaita wannan tsari. Kiɗan nan a fadodin sarakuna da gidajen masu hali ya girma, watau asalinsa bai yi nisa da na makaɗan fadarmu ba.

To, gasar wannan kiɗa tana da yawa. Akwai ta birnin Munik a Jamus, wadda gidajen rediyon ƙasar suka fara a 1952, akwai ta Banff a Kanada tun 1983. Amma kada mu ruɗi kanmu, waɗannan ƙofofi a rufe suke ga mai gurmi, domin tun kafin a zo an riga an yanke irin kayan kiɗan da za a riƙe, da rubutattun kiɗe-kiɗen da za a kaɗa. Ban ga laifinsu ba. Ba a kiran ɗan kokawa filin dambe.

Ƙofar da ta dace da mu tana can birnin Osaka, a ƙasar Japan. A 1993 aka fara gasar kiɗan ɗaki a can, galibi shekara uku-uku, kuma bisa shawarar Yehudi Menuhin, mashahurin mai gogen Turawa, aka keɓe wani sashe mai suna Festa. A wannan sashe an karɓi ƙungiyar mutum biyu zuwa shida, da kowane irin kayan kiɗa, har na gargajiya, kuma aka sa alƙalanci hannun masu saurare, su ke jefa ƙuri'a. Makaɗan Rasha da na Mongoliya sun je da kayan kakanninsu. Haka kuma birnin Samarkand na Uzbekistan ya fara tara makaɗan gargajiya su gwada gwaninta tun 1997. Ashe ke nan mutanen zauren nan uku, in don yawansu ne da kayansu, sun cika sharaɗi.

Sauran sharuɗɗan su ne wahala. Kafin a gayyaci ƙungiya sai ta aika da kiɗanta da aka ɗauka sosai, ba hayaniyar biki a ciki, ta cika takardu da Turanci, ta aika kafin ranar rufewa, wadda ba a ɗaga ta don kowa. Sa'an nan ga fasfo, ga biza, ga kuɗin jirgi. Tsuntsayen Turai kan sauko Baturiya kowace shekara lokacin ɗari ba mai tambayarsu takarda, amma ɗan Adam ba shi da wannan gata. Har kayan kiɗan ma suna da tasu shari'a: gogen da aka rufe da fatar guza yana iya tsayawa hannun 'yan kwastan, don guza yana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta 1973 ta hana fita da fatarsu sai da izini. Fata kuma takan saki in ta ji laima, a gida sai a kanga ta ga wuta, a ɗakin gasa kuwa ba a hura wuta.

Amma abin da ya fi damuna shi ne maganar harshe. Marigayi Alhaji Haruna Uji, wanda ya sa sunan Haɗeja ya bi gurmi ko'ina aka san Hausa, hannunsa gwani ne ƙwarai, duk da haka rabin daɗin da muke ji yana cikin kalmominsa, da zambo, da habaici, da kiran sunan wanda muka sani. Mutumin Osaka ba zai ji ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ba zai tashi ya yi kari ba, balle makaɗi ya san inda ya taɓa zuciya ya ƙara maimaitawa. Zai zauna shiru har a gama, an kuwa ƙayyade mintocin da za a yi. Makaɗinmu ya saba jan waƙa gwargwadon hannun mai kyauta. Can kuwa wajibi ne kiɗan ya san mafarinsa da ƙarshensa, gurmi ya yi magana da kansa, ƙwarya ta amsa masa, ba ta zama rakiya kawai ba. A ganina wannan horo zai amfani kiɗan ko da ba a je ko'ina ba, gama yau da yawa cikin samari sun bar hannu ya mutu, sun dogara ga baki da na'ura.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane haka. A 1987 suka kafa gasar makaɗa ta ƙasa da sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, inda ƙungiyoyin jihohi suka riƙa karawa gaban alƙalai. Mu ma ba abin da zai hana a fara tun daga gunduma, Auyo ta kara da Kafin Hausa, Birniwa da Guri, a sa agogo, a hana kari sai an sauka.

Aikin takarda kuwa namu ne, mu malamai, tun da makaɗan nan yawancinsu ba su yi boko ba. Kafin in bar ƙauyen na roƙi malamin nan ya ɗauki kiɗan mutanen uku da wayarsa da sassafe, kafin injinan ban ruwa su tashi, na minti goma ba yabon kowa ciki. Mai gurmin ya yi dariya, ya ce bai taɓa kaɗa wa wanda ba ya nan ba, amma zai gwada in an gama yankan shinkafa.