Shawara da Hukunci: Rabon Mabiya a Mulkin Cocin Katolika

Duk wanda ya hangi Cocin Katolika daga nesa, ya ga Fafaroma a Rum, da bishop-bishop a ƙarƙashinsa, da limaman da ake kira fada a ƙarƙashinsu, zai iya zaton gama-garin mabiya, wato waɗanda ba a naɗa su limanci ba, ba su da wani rabo a sha'anin mulki face su ji su bi. Alhali kuwa an tanadar musu majalisu, an kuma yanka wa kowace majalisa haddin da ba za ta ƙetare ba.

Asalin wannan tsari yana komawa ga babban taron Batikan na biyu, wanda Fafaroma Yohanna na 23 ya buɗe a 1962, aka rufe shi a 1965, inda malaman cocin suka tabbatar da cewa duk wanda aka yi wa baftisma yana da alhaki a wuyansa game da aikin addini. Daga bisani, a 1983, Fafaroma Yohanna Bulus na biyu ya fitar da sabon kundin dokoki wanda ya fayyace majalisun.

Majalisun nan iri biyu ne, bambancinsu kuwa shi ne jigon maganar. Ta farko ita ce majalisar kula da al'amuran jama'a, kamar karantarwa da taimakon mabukata. Kafa ta a kowane coci ya rataya ga ganin damar bishop, kuma ko da bakin 'yan majalisar ya zo ɗaya, abin da suka faɗa shawara ce kawai, fada na iya ɗauka ko ya bari. Ta biyu kuwa, majalisar dukiya, wajibi ce. Doka ta shar'anta wa bishop ya naɗa aƙalla mutum uku masana sha'anin kuɗi da dokokin ƙasa, masu amana, na tsawon shekara biyar, ta kuma haramta masa sanya danginsa na kusa. Sa'an nan idan zai sayar da wata babbar kadara, to lalle sai da yardarsu. Ashe ke nan a fagen aƙida da ibada mabiya masu ba da shawara ne, amma a bakin baitulmali suna da ikon hanawa.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili a tarihi. A Amurka, farkon ƙarni na 19, amintattun da ke riƙe da takardun mallakar coci sun yi da'awar cewa tun da su suka gina, su ne za su zaɓi limami, har rikici ya ɓarke a cocin Maryamu na birnin Filadelfiya bayan 1820, wanda ya sa bishop-bishop suka dage sai mallakar ta koma hannunsu. A zamaninmu ma, Katolikan Jamus, waɗanda ke biyan harajin coci ta hannun hukuma, sun zauna da bishop-bishop ɗinsu daga 2019 zuwa 2023 suna neman majalisar da za ta yanke hukunci tare da su, sai Batikan ta ce ba su da hurumin kafa ta.

Duk da haka ƙofar tana ƙara buɗewa sannu a hankali, domin Fafaroma Faransis ya halatta a 2022 cewa wanda ba limami ba, namiji ko mace, zai iya shugabantar ma'aikata a Batikan, ya kuma ba mata damar jefa ƙuri'a a taron bishop-bishop na 2023.

A Arewacin Nijeriya kuwa, inda fada ɗaya kan kewaya ƙauyuka da dama, katikis, wato mabiya masu koyar da addini, da Zumuntar Mata ne ke riƙe da karatu da gaisuwar marasa lafiya da tara baiko, nauyin da ya zarce ikon da doka ta ba su. Muhawarar da ta rage wa cocin ita ce ko za a daidaita ikon da nauyin.