Amfanin bututun ƙarfe a hanyar ruwan tsofaffin motocin kat-kat

A Malanville, garin da gadar kogin Neja ta haɗa da Gaya, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci ne tsofaffin motoci masu ja da taya huɗu, waɗanda ake kira kat-kat, suka fi tafasa a kan hanya. Irinsu Toyota Land Cruiser samfurin 40, da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, da magajiyarta samfurin 70, suna dogaro ne da ruwa wajen sanyaya inji. Duk wanda ya buɗe bonet zai ga wani sashen hanyar ruwan tiyo ne na roba, wani kuma bututun ƙarfe. Masu ƙera motar ba su haɗa su haka banza ba.

Famfon ruwa ne ke tura ruwa ya zagaya cikin inji ya kwashi zafi, sannan ya shiga lagireto, abin da Faransanci ke kira radiateur, inda iska da fanka ke sanyaya shi kafin ya koma. Murfin lagireto yakan riƙe matsi na kusan bar 0.9, abin da ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. Ke nan duk hanyar ruwan tana cikin zafi da matsi.

Nan ne ƙarfe ke da amfani. Inda hanya ta yi tsawo, ko ta bi kusa da bakin salansa, roba kan bushe ta tsage, ƙarfe kuwa yana jurewa. Ba ya kumbura, ba ya lanƙwashewa ya taɓa fanka ko bel, kuma ba ya motsewa a ɓangaren da famfo ke zuƙar ruwa. A jikinsa ne kuma ake fitar da ƙananan rassa zuwa hita. A bakinsa akwai ɗan tudu zagaye wanda ke hana tiyo zamewa bayan an ɗaure shi.

Roba ita ma da nata aikin. Inji yana girgiza a kan kujerunsa na roba, lagireto kuwa a jikin mota yake ɗaure. Gajeren tiyon da ke tsakani shi ke shanye girgizar, musamman a hanya mai gargada irin ta Karimama. Idan aka yi waldar bututu kai tsaye da lagireto, wuyansa zai tsage. Idan kuma aka maye gurbin bututun da dogon tiyo don sauƙin kuɗi, wata rana zai fashe a daji, inji ya ƙona gasket.

Babban abokin gabar bututun shi ne tsatsa, kuma daga ciki take ci. Ruwan kogi ko na rijiya zalla ba shi da sinadarin hana tsatsa da ke cikin ruwan sanyaya inji na kanti. Saboda haka kafin bazara, ya kamata mai mota ya sa bakanike ya zare tiyo ya duba bakin bututun. Ruwa mai launin jar ƙasa, ko farin busasshen tabo a mahaɗa, alama ce ta cewa lokacin canji ya yi. Kuma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.