Sahihi da Batili Game da Lilon Tsohon Amalanken Gona a Kan Titi

A duk lokacin kaka, sa'ad da manoma suka fito da tsofaffin amalanke daga inda suka yi damina, suka maƙala su a bayan tarakta ko a-kori-kura don kai buhunan masara kasuwa, sai zantuka su yawaita game da abin da ke sa amalanke lilo dama da hagu a kan kwalta. Da yake kuwa kowane direba yana da tasa riwayar, wadda ya karɓa daga bakin ubangidansa ba tare da neman hujja ba, ya wajaba a zauna a rarrabe sahihi da batili.

Mafi hatsarin riwayoyin ita ce mai cewa in amalanke ya fara lilo a ƙara taka totur, wai gudu zai miƙar da shi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin kowane abin ja yana da haddin gudu wanda in ba a kai shi ba lilon kan mutu da kansa, in kuwa aka ƙetare shi sai kowace kaɗawa ta fi wadda ta gabace ta ƙarfi, har ta kai ga fizge bayan motar. Danna birki da ƙarfi ma ba magani ba ne, saboda amalanken da ba shi da birkin kansa zai turo motar ne daga baya. Abin da ya inganta shi ne direba ya sassauta ƙafa daga totur sannu a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe.

Akwai kuma masu cewa maganin lilo shi ne a tara kaya a gaba, kuma a nan ne ake bukatar tafsili. Ga tirela mai gatari ɗaya a tsakiya maganarsu gaskiya ce: ana so wajen kashi 60 cikin ɗari na kayan ya zauna gaba da gatari, yadda kashi 10 zuwa 15 na dukkan nauyin zai danne mahaɗarta da mota. Amma amalanke mai ƙafa huɗu, irin wanda manoman Amurka ke jidar ciyawa da shi, wanda ƙafafunsa na gaba ke juyawa suna bin sandar ja, nauyinsa ba ya sauka a kan motar ko kaɗan, don haka ɗora masa hukuncin tirela ƙiyasi ne da bai cika sharaɗi ba. Illarsa tana cikin sassaucin gaɓoɓinsa. Mai son tabbatarwa ya kama hancin sandar ja ya kaɗa ta hagu da dama yana duban tayoyin gaba. In sandar ta yi tafiyar taƙi guda kafin tayoyin su motsa, to, ga ciwon nan a fili. Sau da yawa za a tarar ramin mahaɗa ya cinye ya koma siffar ƙwai, an zura masa guntun rodi siriri maimakon ƙusar da ta cika shi, ko kuwa boris ya saki, ko kawunan sandar da ke haɗa ƙafafun gaba sun yi kwararo. Bayan bakanike da mai walda sun gyara waɗannan, sai a auna a tabbata gaban tayoyin ya ɗan matso ciki da kamar milimita 3, domin tayoyin da suka buɗe waje kowace neman tata hanyar take yi.

Batun rage iskar taya don amalanke ya natsu ba shi da asali, taya mai laushi ƙara tangaɗi take yi. Sarƙa kuma wajiba ce, sai dai aikinta riƙe amalanke ne in mahaɗa ta ɓalle, ba hana lilo ba.

Wanda ya ce da zarar an gama gyara sai a bi sahun manyan motoci, ya manta cewa ba don gudu aka ƙera wannan abu ba tun asali. Alamar nan mai kusurwa uku, ruwan goro da jan baki, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Jihar Ohayo a shekarun 1960, ana liƙa ta ne ga abin da ba ya wuce kilomita 40 a awa. Masu ƙera tarakta kuwa sun shardanta cewa abin ja maras birki kada ya wuce kilomita 32 a awa, kada kuma nauyinsa da na kayansa ya haura nauyin tarakta sau ɗaya da rabi.