Ko Kun Sani? Kamarar da ke Hasashen Inda Mai Gudu Zai Kai

A 1977 kamfanin Konica na Japan ya fito da C35 AF, kamarar fim ta farko da aka sayar da yawa mai saita gilashinta da kanta. A 1985 Minolta ta kawo Maxxum 7000, wadda ta sa injin saitawar a cikin jikin kamara. Abin da ke tsaye cak, sun iya shi. Wanda ke tafe da gudu ne ya ba su ciwon kai.

Dalilin yana cikin kamara irin Maxxum 7000, mai madubi a ciki. Da an danna maɓalli, madubin ciki zai ɗage sama kafin ƙofar haske ta buɗe, kuma a wannan ɗan lokacin na'urar auna nisa ba ta ganin komai. Ɗan tseren da ke cin mita 10 a daƙiƙa, idan jinkirin ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya riga ya matso da mita guda. Sai fuskarsa ta fito dishi-dishi, kuma ba za a sani ba sai an wanke fim.

Maganin da injiniyoyi suka samo abin burgewa ne. Minolta 7000i ta 1988 tana auna nisan sau da yawa a jere, ta lissafa saurin mai gudun, ta saita gilashin a inda zai kai lokacin ɗaukar.

Duk da haka, tsofaffin hannu da yawa ba su bar dabararsu ba: su saita a kan layin ƙarshe, su jira mai gudu ya iso.