Schicklgruber, Sunan da Limamin Coci Ya Soke

A watan Yunin 1876, wasu manoma uku suka shiga ofishin jami'in tabbatar da takardu a garin Weitra, can arewacin Ostiriya, kusa da iyakar ƙasar Cek ta yau. Sun zo ba da shaida ne a kan maganar da suka ce sun ji da kunnuwansu: wai marigayi Johann Georg Hiedler ya sha faɗa a gabansu cewa Alois, ɗan da matarsa ta haifa kafin aurensu, nasa ne na cikinsa. Wanda ake cewa ya yi maganar ya shekara 19 a kabari. Uwar yaron ta shekara 29 da rasuwa. Shi kansa wanda ake kira yaron ya kai shekara 39, ma'aikacin kwastan ne mai muƙami, da kakinsa da gashin bakinsa. Shaidun ba su iya rubutu ba, don haka alamar kuros suka zana a gurbin sa hannu. Ɗaya daga cikinsu kuwa surukin ƙanen mamacin ne.

Aka kai takardar ga limamin cocin Döllersheim, Josef Zahnschirm. Ya buɗe littafin baftisma na 1837, ya nemo layin Alois, ya sauya kalmar da ke cewa ba ta hanyar aure aka haife shi ba, ya ja layi a kan sunan Schicklgruber. Gurbin uba, wanda ke nan fayau tun ranar da aka yi wa jaririn baftisma, ya cike shi. Sai dai ba Hiedler aka rubuta ba. Abin da ya hau takarda shi ne Hitler. Bayan shekara 13 aka haifa wa wannan ma'aikacin kwastan ɗa a garin Braunau, aka sa masa suna Adolf, wanda kakanninmu suka sani da Hitila, suka kuma laƙaba wa yaƙin duniya na biyu sunansa.

A ƙasashen da ke magana da Jamusanci, sunan dangi gadonsa ake yi, daga uba zuwa ɗa zuwa jika, ba ya sauyawa da kowane ƙarni. Yawancin sunayen nan sun kafu ne ɗaruruwan shekaru da suka wuce, daga sana'a ko siffa ko mazauni. Müller, wanda ya fi kowane suna yawa a Jamus, mai niƙa ne. Schmidt maƙeri ne, Schneider kuma tela. A Ostiriya sunan da ke kan gaba shi ne Gruber, daga kalmar Grube, wato rami ko kwari, ma'ana mutumin da gidansa ke cikin kwari. Kamar dai yadda sunan gari ya manne wa Shehu Shagari da Aminu Kano, sai dai a can abin ya sauko har kan gona guda, kuma jikoki na ɗauke da shi ko da sun bar gonar tun tuni. Da yake ƙasar duwatsu ce, masu zama a kwari sun yi yawa, sai aka riƙa ƙara wata gaɓa a gaba don a bambanta wannan gida da wancan. Haka aka sami Steingruber da Holzgruber da Anzengruber, haka kuma aka sami Schicklgruber. Gruber tsura cike yake da ƙasar, amma kowane irin wannan dogon suna na 'yan gidaje ƙalilan ne, galibi a lungu ɗaya. Ga kunnen ɗan birni a Biyana, ko ga Bajamushen arewa, jin sunan kaɗai ya isa ya gane cewa daga ƙauye mai shi ya fito.

Lungun su Schicklgruber ɗin nan shi ne Waldviertel, yankin daji mai sanyi da duwatsu, inda ƙasa ba ta ba da amfani sai an sha wuya. A ƙauyen Strones suka yi zamansu na ƙananan manoma, kaka da kakanni. A nan aka haifi Maria Anna Schicklgruber a 1795. Ta kai shekara 42 ba ta yi aure ba, sai ga ta da ciki. Ranar 7 ga Yunin 1837 ta haihu, ba ma a gidan ubanta ba, a gidan wani maƙwabci da ya tsaya wa jaririn a wajen baftisma. Sunan uba dai bai shiga littafi ba, sai yaro ya ɗauki sunan uwarsa, kamar yadda doka ta tanada. Bayan shekara biyar ta auri Johann Georg Hiedler, mutumin da ke yawon ƙwadago a gidajen niƙa, ba gona ba gida. Ga abin lura a nan: ya aure ta, ya rayu har 1857, amma bai taɓa zuwa coci ya ce yaron nasa ne ba, alhali a wancan lokaci abin ba ya buƙatar komai sai shi da matarsa su tsaya gaban limami. Maria Anna ta rasu a 1847.

Wanda ya riƙe Alois shi ne ƙanen mijin, Johann Nepomuk, manomi mai rufin asiri a ƙauyen Spital, wanda shi kuma ake rubuta sunansa Hüttler. Wa da ƙane, ciki ɗaya, rubutun suna biyu. Ba abin mamaki ba ne, domin masu sunan ba sa karatu, limami ne ke rubuta abin da kunnensa ya ji: Hiedler yau, Hüttler gobe, Hitler jibi. Masana sun fi karkata ga cewa asalinsa daga kalmar bukka ne, wato ƙaramin manomi mai zama a bukka. Ke nan sunan da aka ɗauka bai fi wanda aka yar daraja ba. Gajarta kawai ya fi shi.

Alois ya bar ƙauye yana ɗan shekara 13, ya tafi Biyana koyon ɗinkin takalma, ya shiga aikin kwastan a 1855, ya yi ta hawa har ya kai iyakar matakin da mai ƙaramin ilimi irin nasa zai iya kaiwa. Hawan da ya yi kafin 1876 duk da sunan Schicklgruber ya yi shi, bai hana shi komai ba. To me ya sa aka tayar da maganar a 1876? Alamu sun fi nuna Nepomuk. Matarsa ta rasu a 1873, ba shi da ɗa namiji da zai riƙe sunan gida, ga kuma yaron da ya rena ya zama mutum. Da Nepomuk ya rasu a 1888, ba da jimawa ba Alois ya sayi gida da gona a kusa da Spital, da kuɗin da albashinsa ba zai iya tarawa cikin sauƙi ba. Wannan ne ya sa wasu masana tarihi, irin su Werner Maser, suka ce Nepomuk ɗin ne uban, ya laɓe bayan sunan wansa da ya mutu don kada ya tona wa kansa asiri.

Gyaran littafin ya jawo wa Alois wata matsala da bai hango ba. Bayan matansa biyu sun rasu, ya so ya auri Klara Pölzl, jikar Nepomuk, wadda ke aiki a gidansa. Da yana nan a Schicklgruber, a takarda babu abin da ya haɗa su. Yanzu kuwa takarda ta ce shi da uwar Klara 'ya'yan wa da ƙane ne, cocin Katolika kuma ba ta ɗaura irin wannan aure sai da izini na musamman. Bishop na Linz ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai da takarda ta je Rum ta dawo. Aka ɗaura aure a Janairun 1885. Klara ta daɗe bayan auren tana kiran mijinta kawu.

Adolf bai taɓa amsa sunan Schicklgruber ba ko na kwana ɗaya, ko da yake har yau ana samun masu cewa shi ne sunansa na asali. Amma ya san da shi. Abokinsa na ƙuruciya, August Kubizek, ya rubuta cewa babu wani abu da uban ya yi da ya faranta wa Adolf rai kamar sauya sunan, don a ganinsa tsohon na ƙauyawa ne, ga nauyi a baki. Abokan gabansa ma sun gane haka. A Afrilun 1932, ana dab da zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Jamus, wani matashin ɗan jarida a Biyana, János Békessy, wanda daga baya ya yi suna da Hans Habe, ya tono labarin ya buga da manyan baƙaƙe. Jaridar ta yi kasuwa. Hitler bai ci zaɓen ba, amma ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 13, kafin shekara ta zagayo kuma ya zama shugaban gwamnati.

Da yaƙi ya ɓarke, sunan ya zama abin ba'a a Ingila da Amurka da Rasha. Wani ma'aikacin ma'aikatar yaɗa labarai ta Ingila, Charles Ridley, ya ɗauki hotunan faretin 'yan Nazi daga fim ɗin Leni Riefenstahl, ya yayyanka su, yana tura sojoji gaba yana dawo da su baya, har suka koma kamar masu taka rawar Lambeth Walk da ake yayi a Landan. Ya sa wa ɗan gajeren fim ɗin sunan Schicklgruber, da rubutun da bai ma yi daidai ba. An ce da Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya kalla, fita ya yi yana shurin kujeru. Bayan yaƙi, ɗan jaridar Amurka William Shirer ya yi tambayar da ta shahara, ko taron Jamusawa za su iya ɗaga hannu suna kirari da suna mai tsawo haka. Tambayar na da daɗin ji, amma ni ban ɗauke ta da nauyi ba. Mutanen da rashin aiki da ɗacin shan kaye a 1918 suka kora hannun Hitler ba tsawon suna ne zai dawo da su ba. Jam'iyyar da ta iya ƙirƙiro tuta da kaki da gaisuwa ba za ta rasa laƙabin da za ta ba shugabanta ba. Dariyar kuma, in an duba, ba a kan Hitler ta sauka ba. A kan sunan wata talakar ƙauye ta sauka, wadda ta mutu shekara 42 kafin a haife shi.

Abin da ya fi sunan nauyi shi ne gurbin uban nan. Tun daga Afrilun 1933 gwamnatin Hitler ta wajabta wa ma'aikatanta su kawo shaidar asalinsu har zuwa kakanni huɗu, dokokin Nuremberg na 1935 kuma suka mayar da kakannin mutum ma'aunin ko shi Bayahude ne. Miliyoyin Jamusawa suka yi ta rubuta wa limaman coci wasiƙu suna neman kwafen littafin baftisma. Aikin mutum da aurensa, daga baya har ransa, suka rataya a kan abin da wani limami ya rubuta shekaru aru-aru. Wanda ya kafa dokar kuwa, hujjar kakansa na wajen uba ita ce kuros ɗin mutum uku da ba su iya karatu ba. Daga wannan gurbi ne jita-jitar cewa kakan Bayahude ne ta samo asali. Hans Frank, lauyan Hitler da aka rataye a Nuremberg a 1946, ya rubuta a kurkuku cewa Maria Anna ta yi aikin kuku a Graz a gidan wani Bayahude mai suna Frankenberger, ɗan gidan ya yi mata ciki. Masu bincike sun bi takardun Graz ba su ga wannan gida ba, ba su ga alamar ta taɓa zama a garin ba, ga shi kuma an kori Yahudawa daga lardin tun ƙarshen ƙarni na 15, ba a bar su sun dawo da zama ba sai bayan tsakiyar ƙarni na 19.

Mutanen Döllersheim sun zaci kakarsu ta yanke saƙa lokacin da Jamus ta haɗiye Ostiriya a Maris na 1938. Suka ba Hitler takardar zama ɗan gari na girmamawa, suka gyara wa Maria Anna kabari na alfarma. Cikin 'yan watanni sai ga umarni: sojoji na buƙatar yankin don filin atisaye. Daga 1938 zuwa 1942 aka tashi ƙauyuka fiye da 40, mutum kusan 7,000, har da Döllersheim da Strones. Da yawa sun yi imani cewa asalinsa Hitler yake son shafewa. Masana tarihi ba su sami takardar da ta tabbatar da haka ba, kuma littafin cocin, wanda shi ne abin ɓoyewa in da ɓoyewa ake so, ba a taɓa shi ba, yana nan a ajiye. Yawancin gidajen ma sun kai 1945 a tsaye. A zamanin mamayar sojojin Sobiyet, zuwa 1955, suka zama kufai. Da Ostiriya ta sami kanta ba ta mayar wa mutanen da ƙasarsu ba, rundunarta ta ci gaba da harbe-harbe a filin, wanda yanzu ake kira Allentsteig. Kangon cocin Döllersheim kawai aka ware daga baya, aka sake tsarkake shi a 1986, jikokin waɗanda aka tasa suna taruwa a can farkon kowane Nuwamba don tunawa da matattunsu.

Sunan da aka sha wahalar samowa a 1876 shi ne dangin suka yi ta gudu daga baya. Ƙanwar Adolf, Paula, ta rayu da sunan Wolf. Wansa ɗan uba, Alois ƙarami, mai gidan abinci a Balin, ya koma Hiller a 1945. Ɗan wannan, William Patrick, haifaffen Liverpool da ya shiga rundunar ruwan Amurka a 1944, ya koma Stuart-Houston. Schicklgruber kuwa yana nan a wasu gidaje ƙalilan a Ostiriya, kuma haɗa suna ba ya nufin haɗa jini. Wani masanin al'adu, Christian Schicklgruber, ya zama shugaban gidan tarihin Weltmuseum da ke Biyana a 2018. Masu bin ƙwallo kuma za su iya tuna Josef Schicklgruber, golan LASK ta Linz, wanda daga baya ya tsare wa Sturm Graz raga a gasar Zakarun Turai a wajajen 2000.